Me za mu kira "Settings" na kwamfuta da Hausa?

Malamar Kwamfuta: Assalamu alaikum malamaina. Ranar Asabar zan fara koyar da wasu iyaye mata a Zariya, yawancinsu ba su yi nisa a boko ba. Darasin farko a Windows 11 ne: gyara agogo, ƙara girman rubutu, haɗa intanet. Duk a wuri ɗaya ake yi, wanda yake buɗewa idan an danna maɓallin Windows da harafin I tare. Gobe da yamma zan kai takardun a buga. Me zan kira Settings? Sai kuma default da Control Panel.

Bakatsine: Wa alaikumus salam. Saituna, jam'in saiti. Shi ake gani a manhajojin da aka fassara.

Mai Nahawu: Malama, kada ki yarda. Saiti Turanci ne aka yi wa kwaskwarima. Muna da daidaita, muna kuma da hanyar ƙera sunan wuri: karanta ta ba mu makaranta, rina ta ba mu marina, jeme ta ba mu majema. To, madaidaita. Shekara biyu ke nan ina amfani da ita.

Bakatsine: Allah ya gafarta Malam, madaidaita ai jam'in madaidaici ce. Wadda ta ga "buɗe madaidaita" za ta ɗauka wasu abubuwa ne masu matsakaicin girma.

Mai Nahawu: Karin sautin ba ɗaya ba ne.

Bakatsine: A baki ne. A takarda wa yake rubuta karin sauti?

Uwar Biyu: Tsare-tsare fa?

Bakatsine: Wannan gwamnati ta riga mu. Ana jin tsare-tsare sai hankali ya tafi ga kasafin kuɗi.

Ɗan Damagaram: Mu nan kwamfutocinmu da Faransanci suke, Paramètres muke gani, yara kuma "paramet" suke cewa. Abin da ke damuna, kullum a Najeriya ake yanke hukunci daga Turancin Ingilishi, sai a ce ita ce Hausa. Ni ina bayan Malam, madaidaita ta kowa ce.

Bakatsine: Ɗan'uwa, tsakani da Allah, a Damagaram ba a saita agogo? Kanikawa ba sa saita taya?

Ɗan Damagaram: Ana ji, amma daga wajenku ta shigo.

Mai Nahawu: Harshen da ya samar da jirgin sama da na'ura mai ƙwaƙwalwa ba zai gaza a nan ba. Kasala ce kawai take sa mu aro.

Uwar Biyu: Malam, na'ura ma daga Larabci take, haka allo. Kuma yau mutum nawa ke cewa na'ura mai ƙwaƙwalwa? Kwamfuta ta cinye. Kalmar da ta yi jam'i ta haifi aikatau, saiti, saita, saituna, ai ta zama 'yar gida.

Malamar Kwamfuta: Don Allah mu dawo kan takardata. Control Panel ya fi damuna, domin har yanzu yana nan a Windows 11 tare da Settings ɗin, kuma wasu gyare-gyaren sai a can. Dole sunayen su bambanta.

Bakatsine: Control Panel shi ne tsohon wurin gyare-gyaren. Sabon, wato Settings, tare da Windows 8 ya fara shigowa a 2012, tun daga nan ake ta kwashe kaya daga wancan zuwa wannan. Ki ce allon sarrafawa. Default kuwa saitin asali, wato yadda kwamfutar ta zo kafin a taɓa komai.

Mai Nahawu: Asali na yarda. Allo kuma ban yarda ba, don da shi muke kiran fuskar kwamfutar. Za ki rikita su.

Malamar Kwamfuta: Gaskiyarka a nan, Malam. Na rubuta saituna da saitin asali, da hoton alamar a gefe, tunda abin da za su gani a kwamfutar da Turanci yake. Control Panel zan bar shi da sunansa zuwa darasi na uku.

Mai Nahawu: To, ki sa. Amma ki gwada musu madaidaita da baki ko sau ɗaya, ki zo ki faɗa mana wadda suka riƙe.

Malamar Kwamfuta: In sha Allahu, ranar Lahadi.