Wa ke riƙe da makunnin wayoyinmu?

Mai Gyaran Waya, Kano:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni mai gyaran waya ne a kasuwar Farm Centre, shekarata 14 a sana'ar, tun Nokia mai tocila ke cika min tebur har zuwa yau da rabin aikina canjin sikirin ne da gindin caji. Ina son fasaha so na gaskiya. Duk sabuwar wayar da ta shigo kasuwa ba na samun natsuwa sai na buɗe bayanta na ga yadda aka jera kayan cikinta. Don haka kada wani ya sa ni a layin masu cewa waya ce ta lalata duniya.

Makon jiya wani dattijo ya kawo min wayarsa da ta faɗa cikin randa. Na ce Baba, wannan fanel ɗin ya tafi. Ya ce shi ba wayar ce ta dame shi ba, ɗan mimorin da ke ciki ne. Akwai tafsirin malamin garinsu da ya rasu, akwai waƙoƙin makaɗan da, akwai kuma saƙonnin murya na matarsa, ita ma Allah Ya yi mata rasuwa. Na zaro mimorin, na goge shi da sifirit, na sa a wata wayar, ya tashi. Ya zauna a bencina ya kara wayar a kunne ya fi minti 10 bai ce uffan ba.

Da ya tafi sai na duba tawa. Hotunan 'ya'yana suna Google, kuɗina suna manhajar banki, kwastomomina suna WhatsApp, fim da karatu duk YouTube nake shiga. A cikin wayar kanta ban ajiye komai ba. Idan aka ɗauke sabis yau, Baban nan ya fi ni kaya nesa ba kusa ba.

Kuma ɗauke sabis ba tatsuniya ba ce, mun gani. Ranar 5 ga Yunin 2021 aka toshe Twitter a Najeriya bayan kamfanin ya goge wani saƙon Shugaba Buhari, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022. A watannin nan na sa wa mutane VPN, manhajar da ke zagaye toshewar, har na gaji. A Satumban wannan shekarar ta 2021 aka kashe ƙarafan sabis na jihar Zamfara baki ɗaya, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato da Kaduna. Wani lokacin ma babu hannun kowa a ciki. Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, ana cikin azumi, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse wajen gaɓar Kwaddibuwa. Ranar sai da aka yi layi a gabana, kowa yana cewa wayarsa ta lalace, transfa ta ƙi tafiya. Na yi ta ce musu wayarku lafiyarta ƙalau, ciwon yana can ƙasan ruwa, inda ni da ku ba za mu taɓa zuwa ba.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne zaɓen 25 ga Fabrairun 2023. Na yi murna da BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, sosai, na yi ta yi wa abokaina bayanin yadda take tantance yatsa da fuska, da yadda za a ɗauki hoton takardar sakamako a ɗora a IReV, shafin intanet na hukumar zaɓe, kowa ya gani daga ɗakinsa. Daren nan ban yi barci ba, ina ta sabunta shafin, sakamakon shugaban ƙasa ya ƙi hawa. Daga baya Kotun Ƙoli ta ce IReV ba wurin tattara sakamako ba ne a shari'ance. A nan na gane na'ura ba ta wuce inda masu iko da doka suka ajiye ta. Su kuwa 'yan siyasa sun fi mu saurin gane waya. Sojojin bakan da muka saba ji a rediyo yanzu suna da ƙanne a Facebook da TikTok, ana sallamarsu da kuɗin data. Amma a 2022 wata kotu a nan Kano ta sa aka yi wa wasu samari biyu bulala 20 kowannensu kan bidiyon barkwanci da suka yi a kan gwamnan lokacin. Dandali ɗaya ne, wani ana biyansa, wani ana zane shi.

To tambayata biyu ce. Ku me kuka ajiye a hannunku wanda zai yi muku amfani ranar da aka kashe makunnin? Na biyu, masu turi, wato masu tura wa mutane fim da waƙa a waya, da ke kusa da shagona, waɗanda 'yan fim ke kira ɓarayin zaune, ba su ne suka zama rumbunmu ba? Ni ina ganin a kwamfutocinsu kaɗai fina-finanmu da waƙoƙinmu da wa'azinmu suke zaune a ƙasarmu.

Mai Turaren Wuta, Gusau:

Wa alaikumus salam Malam. Kai labari ka ji, mu a jikinmu anka yi.

Ina sayar da turaren wuta da humra, kuma kusan duk cinikina a WhatsApp ne. Ranar da anka ɗauke sabis akwai kayan amare biyu da na haɗa, ɗaya Kaduna za shi, ɗaya Abuja, ba a ida biyana ba. An ce mako biyu ne, sai ga shi mun kai farkon Oktoba kafin ya dawo cikin Gusau, na ƙauyuka kuwa sai ƙarshen Nuwamba. Makon farko ƙanena nike ba wayata ya shiga mota ya bi ta Tsafe da 'Yankara har Funtuwa, ya tsaya bakin tasha saƙonni su shigo, ya amsa wanda zai iya, ya dawo. Wannan hanyar kowa ya san halinta a lokacin. Da anka rufe Funtuwar ita ma sai Zariya. Mun koma rubuta wasiƙa muna ba direbobi, abin da rabona da shi tun ina makarantar kwana.

Ban ce waɗanda sunka yanke shawarar ba su da hujja ba. Masu ba 'yan bindiga labari da waya suke yi, kowa ya sani, kuma a kwanakin farko mutane da yawa sun goyi baya, har da mijina. Amma abin da ban mantawa, maƙwabciyata naƙuda ta kama ta cikin dare, ba halin kiran kowa, ga dokar hana yawon babur da dare. Da ƙafa yaranmu sunka tafi neman mai mota. Allah Ya sa ta sauka lafiya.

Amsar tambayarka ta farko: littafi. Tun lokacin duk lambar kwastoma da bashin da nike bi sai na rubuta da biro. Kuma ban barin gida ba tsabar kuɗi, wannan canjin kuɗi na 2023 ya ƙara koya mani. Batun masu turi kuwa, gaskiyarka. A watan nan layin shagonsu ya fi na mai POS, don POS ɗin ma ba ta aiki.

Editan Fim, Zoo Road:

Hajiya, Allah Ya kiyaye gaba. Amma Malam mai gyara, a kan masu turi ban yarda da kai ba, kuma zan faɗa maka dalili.

Na fara aikin tace fim lokacin da CD ke da kasuwa. A lokacin furodusa zai kai fim Ƙofar Wambai, 'yan kasuwa su buga dubbai, ya biya 'yan wasa da masu kyamara da mu editoci, ya ga riba. Abin da ya kashe wannan kasuwar shi ne mutum ɗaya ya sayi faifai ɗaya ya zuba a kwamfuta ya tura wa mutum 500 a naira 20 ko 50, mai fim bai ga ko sisi ba. Na san waɗanda suka sayar da filayensu suka yi fim, kuɗin bai dawo ba. Rumbun da kake yabo da hatsin wasu aka cika shi.

Inda na yarda da kai shi ne inda muka gudu ɗin ma ba gidanmu ba ne. Kafin YouTube ya fara biyanka sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo. Bayan nan kuɗin talla ya danganta da ƙasar da mai kallo yake. Bahaushe ɗaya da ke kallo daga Ingila ko Saudiyya ya fi mutum da yawa da ke kallo daga unguwar Kurna a Kano kawo kuɗi. Wannan ne ya sa kowa ya koma fim mai dogon zango, don a riƙe mai kallo mako bayan mako. Shi ne kuma ya sa ake ce min in ɗauko wurin mari ko kuka in sa a minti na farko, in kuma nemo hoton da aka fi zare ido in yi fuskar bidiyon da shi. Labarin da ke buƙatar ya tafi a hankali ba ya rayuwa a wurin. Ni da ke zaune gaban kwamfuta ina ganin yadda wannan lissafin yake canza irin labarin da marubuta ke kawowa.

Ga kuma hukumar tace fina-finai ta Kano, wadda ke nan tun 2001. A watan Mayun 2025 ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 saboda an sake su ba a kai mata ta duba ba. Ita aƙalla tana da ofis, za ka je ka zauna da mutum ku yi magana da Hausa. Ɗaya mai tacewar kuwa, wato YouTube, ba shi da ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Abin da ke ci min rai na gaske shi ne tsofaffin ayyuka. A ɗakin ajiyar maigidana akwai buhu biyu na kaset ɗin bidiyo, na asali, fina-finan shekarun 1990 da farkon 2000. Zafi da ƙura suna cin su. Waɗannan ko masu turin ba su da su.

Ɗan Maraɗi:

Salamu alaikum. Ku bar ni in sa baki daga wannan gefen iyaka.

Mu mun riga Zamfara ɗanɗanawa. Bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairun 2021, tsakanin Bazoum da Mahamane Ousmane, an yanke intanet na salula wajen kwana 10. Kira na tafiya, WhatsApp babu. Sannan da aka rufe rezo, wato sabis, a Jibiya, 'yan uwanmu na can pus ɗin Nijar, wato layin salula, suka riƙa saye, suna hawa tudu suna kamo namu. Iyaka ba ta tare iska.

Amma Malam, akwai makunnin da ka manta, kuma ya fi duka girma: kuran, wato wutar lantarki. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, alhali a lokacin mafi yawan wutar Nijar daga wajenku take zuwa, tamu ta Maraɗi ta layin Katsina take shigowa. Watanni muka yi a haka. Salula mai tsadar jikka 200 in ba caji, dutsen guga ta fi ta amfani. A unguwarmu wanda ya zama sarki shi ne yaron da ke da faifan sola biyu da batir.

Ni abin da na ajiye shi ne rediyon mahaifina mai gajeren zango. Lokacin da aka dakatar da BBC wata uku a Disamban 2024, tashoshin FM suka daina sa ta, da shi tsofaffin majalisarmu ke ji. Na kuma sayi sola tun kafin in canza salula.

Mai Gyaran Waya, Kano:

Na gode ƙwarai. Hajiya, labarin maƙwabciyarki ya sa na yi shiru na daɗe. Ɗan'uwa na Maraɗi, ka yi gaskiya, na manta wuta, alhali ni kaina da janareton maƙwabci nake kunna abin soldarina.

Malam Edita, na karɓi gyara a kan hatsin wasu. Haƙƙi haƙƙi ne, kuma ban taɓa tsayawa na lissafa abin da furodusa ya rasa ba. Amma har yanzu ina nan a kan cewa dole kwafi ya zauna a hannunmu, a nan gida, da izinin masu shi.

Buhunan kaset ɗin nan su suka hana ni sukuni tun da na karanta. Ina da bidiyo mai kaset da na gyara bara, kanta lafiya lau, ina kuma da 'yar na'urar da ke ɗauko hoto daga ita zuwa kwamfuta. Aikin ba ya gaggawa, kaset mai awa biyu awa biyu zai ci, kuma wanda ya yi fumfuna sai an buɗe an share shi a hankali kafin a sa, in ba haka ba zai ɓata kan na'urar. Ma'ajiyar kwamfuta (hard disk) mai terabayit 2 za ta ɗauke buhunan biyu har da saura. Mu yi kwafi biyu, ɗaya wajen maigidanka, ɗaya a wani gidan daban, kuma ba mai tura wa kowa sai da yardarsa. Ka nemi izininsa. In ya amince, ka fara kawo guda biyar ranar Asabar bayan la'asar, lokacin kasuwa ta lafa, mu ga nawa ne za su tashi.