Dan Allah masana aikin famfo, bututun ruwan zafi ya hana mu sakat da ƙara

Ummu Hanan, Makka:

Assalamu alaikum jama'a barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema gurin waɗanda suka san harkar famfo. Muna zaune a wata tsohuwar imara, wato gidan bene, ta wajen Shara Mansur hawa na biyu, to tunda sanyi ya shigo muka kunna sakhana, wato tankin dumama ruwa, abu ya ƙi daɗi. In na buɗe famfon ruwan zafi na kicin kaɗan sai ya kama wani kuka fiiii har bututun na karkarwa, in na buɗe shi gaba ɗaya sai ya yi shiru, na ruwan sanyi kuwa lafiyarsa ƙalau. Sannan in an gama wanka an rufe famfon banɗaki sai ka ji gam! a cikin bango, can kuma sai wani ƙas ƙas ƙas a hankali ya biyo baya. Ita kanta sakhanar da daddare in gari ya yi tsit gurnani take yi tana fat fat. Abban Hanan yana Jidda gurin aiki sai ƙarshen mako yake zuwa, haris mai gadin imarar ya leƙo yace iska ce zata fita da kanta, amma wlh hankalina bai kwanta ba don bangon da aka rataye sakhanar bayansa ɗakin yara ne. In kira sabbak mai gyaran famfo ne ko akwai abinda zan iya dubawa da kaina tukuna?

Abu Yasir, Jidda:

Wa alaikumus salam. Hajiya in kwanan nan kazzanku, wato tankin ruwanku, ya ƙafe har aka kira wayit, motar ruwa, ya zuba muku ruwa to maganar haris zata iya zama gaskiya, iska na shiga bututu in tanki ya bushe, alamarta famfo ya dinga tofar da ruwa yana fuf fuf yana yankewa yana dawowa. Ki kashe wutar sakhana, ki buɗe duk famfunan gidan na zafi da na sanyi ki barsu su zuba har ruwan ya daidaita sannan ki rufe su ɗaya bayan ɗaya. Amma fa kar ki kunna sakhanar sai kin ga ruwa na fita sosai ta ɓangaren zafi, don in babu ruwa a cikinta hitar, ƙarfen dake dumama ruwan, ƙonewa zata yi nan take. In kuma ba tofi yake ba to ba iska bace, mu jira manya su zo.

Baba Sabbak, Riyad:

Salamu alaikum. 'Yata abinda kika lissafo ba ciwo ɗaya bane, ƙara huɗu ce daban daban kuma kowacce da dalilinta, shi yasa bana son wannan ɗabi'ar ta a ce komai iska ce a juya a tafi. Sana'ata ce wannan tun ina saurayi, kuma tambayar da nake fara yi wa mai gida ita ce yaushe ƙarar take zuwa, lokacin buɗewa ne, ko rufewa, ko bayan ruwan zafi ya wuce, ko kuwa ba wanda ya taɓa komai.

Kukan famfon kicin shine mafi sauƙi. Tunda sai an buɗe kaɗan yake yi kuma ɓangaren zafi ne kawai, to robar dake cikin kan famfon ce ta saki ko ta cinye, ruwan zafi ya fi saurin lalata roba, sai ruwa ya dinga kaɗa ta yana wucewa ta ɗan ƙaramin gurbi. Kafin ki kashe ko riyal ɗaya ki duƙa ƙarƙashin gurin wanke wanke, akwai ɗan mahabas, wato makullin ruwa, a bango inda tiyon ruwan zafi ya fito, ki tabbata a buɗe yake har ƙarshe don in rabi da rabi ne shima yana wannan fiton. Ki kuma kwance ɗan rariyar dake bakin famfon ki jiƙa ta a kal, wato binega, ta kwana. In duk da haka bai daina ba a canja robar ko zuciyar famfon. Amma da a ce duk famfunan zafi na gidan ne suke kukan, to ba a famfo za a nema ba, a mashigar ruwa ta sakhana za a nema.

Gam ɗin nan kuwa, ruwa ne ke tafe da gudu aka tare shi lokaci ɗaya. Famfunan nan masu hannu ɗaya da ake dannawa ƙasa su rufe ɗif, da shaɗɗaf ɗin tsarki na banɗaki, da injin wanki mai ɗiban ruwa da kansa, sune suka fi jawo shi, ruwa baya matsuwa, in aka datse shi ƙarfin sai ya koma baya ya daki bututu, in bututun ba a ɗaure yake da kyau ba sai ya bugi bango. Ki gwada rufewa a hankali, in bai yi ƙarar ba to shine. Anan ina da tambaya, ruwanku daga kazzan sama yake sauka da kansa ko an sa muku dinamo mai matsa ruwa? Don tsayin mita 10 ne ke bada ƙarfin ba 1 kacal (ba, wato bar, shine ma'aunin ƙarfin ruwa), imara mai hawa uku ko huɗu da wuya ruwanta ya yi irin wannan dukan sai in akwai dinamo.

Ƙas ƙas ɗin kuma kar ya ɗaga miki hankali, bututu ne ke miƙewa in ya ji zafi ya kuma koma in ya huce yana gogar siminti ko abin da ya riƙe shi. Koren bututun roban nan da ake haɗawa da wuta, wanda babu zaren faiba a cikinsa, mita 5 nasa yana iya ƙara tsayin santimita 3 in zafi ya ƙaru da digiri 40. In kina son ki gane inda yake ki ɗauki doguwar sukundireba ki ɗora bakinta a kan bututu ko mahabas, ki kara ƙotar a kunnenki, ki dinga matsawa, inda ya fi ƙarfi nan ne. Muddin bango bai jiƙe ba fenti bai kumbura ba, ni bana fasa bango saboda shi.

Wadda nake so ki duba min yau ɗin nan ita ce sakhanar. A ƙasanta bututu biyu ne, mai alamar shuɗi na sanyi mai alamar ja na zafi. A jikin na shuɗin akwai wani ɗan ƙarfe mai ɗan baki a gefe, wani ma da ɗan hannu, shine bawul ɗin aminci mai fitar da ruwa in ƙarfi ya yi yawa. Ki faɗa min yadda kika ganshi.

Ummu Sadik, Madina:

Baba Allah ya saka da alheri wlh mun ƙaru. Ni dai a kan gurnanin zan ce wani abu don tamu ta yi shi sak, kamar butar shayi ta kusa tafasa. Da aka sauke ta aka zaro hitar, farin dutse ne ya lulluɓe ta gaba ɗaya, abinda aka kwaso daga gindin tankin ya cika ƙaramar roba, ɓarɓashi ɓarɓashi fari da ruwan ƙasa. Mai gyaran yace ruwa ne ke maƙalewa a ƙarƙashin dutsen ya tafasa ya fashe shine fat fat ɗin da ake ji, kuma wuta take ci a banza. Ku ruwan Makka na Shu'aiba ne mu na Yanbu, duk tataccen ruwan teku, to amma fa ba kowane wayit ne ke kawo irinsa ba wani na rijiya ne mai nauyi, ga kuma al'adarmu ta kashe sakhana duk tsawon zafi mu dinga ɗiban ruwan sanyi daga cikinta tunda na kazzan sama baya taɓuwa da rana, ba mai tunawa da wanke ta sai sanyi ya zo a danna mata wuta kawai. Tamu da gishirin lemon tsami aka jiƙa hitar aka canja sandar magnesiyam ɗin ciki da ta cinye, tun daga nan shiru.

Ummu Hanan, Makka:

Nagode sosai Allah ya bar zumunci. Baba na duba, mahabas ɗin kicin kam ba a buɗe yake duka ba, na murɗa shi kukan ya ragu amma bai tafi ba. Dinamo kuma eh akwai, mai imarar ya sa bara saboda na hawan sama suna kukan ruwa ba ƙarfi. Ƙarfen da kuka ce na ganshi, amma bakin nasa a toshe yake, an cusa masa wani kusa mai zare an naɗe da farin tef, yanzu na kira Abban Hanan yace ai ɗiga yake yi yana jiƙa ƙasa shine wani mai gyara ya toshe shi kafin mu tare. Madaidaicin zafin sakhanar kuma, abin da ke yanke wuta in ruwa ya yi zafi, an murɗa shi can ƙarshe.

Baba Sabbak, Riyad:

Innalillahi. 'Yata ki je yanzu ki kashe wutar sakhanar daga akwatin wuta, ba daga makunnin bango kaɗai ba, ki bar mahabas ɗin sanyi a buɗe, sannan ki buɗe famfon zafi a hankali kina gefe ki barshi ya zuba har ya huce, yara kar su matso. In kika ga tururi ne ke fita a maimakon ruwa to madaidaicin zafin ya mutu, ki bar gurin ki fitar da yaran daga wancan ɗakin.

Ɗigar nan da aka toshe, bawul ɗin aikinsa ne yake yi. Ruwa in ya yi zafi ƙaruwa yake, sakhana mai lita 80 tana ƙara fiye da lita 1 daga sanyi zuwa digiri 65, kuma akwai raddad, wani ɗan bawul dake hana shi komawa baya, to ina zai bi in ba ta wannan bakin ba? Galibin bawul ɗin aminci a ba 8 suke buɗewa, dinamo kuma ya riga ya ɗaga ƙarfin ruwan shi yasa ɗigar ta yi yawa har ta dami mutane. Ranar da madaidaicin zafi ya ƙi yanke wuta, ga baki a toshe, tankin fashewa yake, kuma a kan wannan ne Difa'ul Madani, hukumar kashe gobara da ceto, suke jan kunne duk shekara in sanyi ya shigo. Abin na ci min rai ƙwarai, mai gyara ya san haka ya toshe don kawai a ce ya tsayar da ɗiga.

Kar a sake kunna ta sai sabbak ya zo. Ki ce masa ya sa sabon bawul gaba ɗaya, kar ya ce zai cire kusan ya bar tsohon don mai yiwuwa dutse ya riga ya kama shi, ya sa masa ɗan tiyo zuwa magudana, ya sauke hitar ya wanke kamar yadda Ummu Sadik ta faɗa, ya gwada madaidaicin zafin ya ajiye shi a digiri 60. Ya kuma auna ƙarfin ruwan gidan, in ya haura ba 4 a yi wa mai imara magana a rage dinamon ko a sa muku marage ƙarfi a mashiga, wannan ne zai kashe gam ɗin bangon ma. Zuwa lokacin ki dafa wa yara ruwan wanka a tukunya. In sabbak ɗin ya zo ki ɗauki hoton sabon bawul ɗin bayan ya ɗaura ki turo min in gani.