Takardar gwajin ɓargon Inna ta fito, mun kasa gane ta

Maman Ummi, Birni: Assalamu alaikum 'yan gida. Bara aka cire wa innarmu nonon hagu a Yamai saboda sankara, ta yi shimiyo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, ta gama. Tun bayan ƙaramar salla jininta ke raguwa, ga ciwon kwankwaso da dare. Likita ya soka mata allura a ƙashin ƙugu ya ɗebo ɓargo. Jiya takarda ta iso da Faransanci, ƙanena ya ce an rubuta an ga sitokeratin. Ganin likita sai nan da kwana 12. Kullum Inna na tambaya, ni kuma ina cewa ba ta zo ba, alhali tana ƙarƙashin katifata. Me kalmar ke nufi? In faɗa mata?

Baban Walida, ma'aikacin ɗakin gwaji: Wa alaikumus salam yaya, Allah ya ba Inna lafiya. Sitokeratin ba cuta ba ce. Wasu zaruruwa ne da ke riƙe da ƙwayar halitta daga ciki, kamar azara a rufin soro. Ƙwayoyin fata da na bututun nono suna da su, na ɓargo masu haifar da jini ba su da su. To idan aka zuba rini aka ga ƙwaya mai sitokeratin a ɓargo, baƙuwa ce, daga wani wuri ta taso, kuma ga mai tarihin Inna nono ake fara zargi.

Amma yawansu shi ne magana. Wani bincike na 2005 a kan mata 4,703 masu sankarar nono ya samu irin waɗannan ƙwayoyi jefi-jefi a ɓargon kusan kashi 30 cikin 100. Haɗarin dawowar ciwon ya fi yawa gare su, duk da haka ƙwayoyin kan yi shekaru a kwance, wasu ba sa tashi sam. Wannan daban yake da a ce sun yi cincirindo sun hana ɓargo aikinsa. Raguwar jinin nan ce ta tsaya mini a rai, ba zan ɓoye miki ba. Ki tambayi likita: warwatse suke ko dunƙule? Ciwon yana jin maganin homon, wato mai tare sinadarin jiki da ke ciyar da wasu sankarar nono, irin su tamoksifen? Za a ba ta maganin ƙarfafa ƙashi?

Hajiya ta Sabon Gari: 'Yata, ki ciro takardar nan. Ni ma 'ya'yana sun yi mini haka, a fuskarsu na karanta, na kwana uku ina zaton har likkafani sun saya. Ki ce mata takarda ta zo, akwai abin da likita zai warware, tare za ku shiga.

Baban Walida: Na manta. In ta yi zazzaɓi, ko dasashinta ya fara jini, ko ƙafafu suka mutu, kar ku jira kwana 12, ku wuce babban asibitin Damagaram a ranar.

Maman Ummi: Na gode. Na rubuta tambayoyin a bayan takardar. Bayan isha'i zan shiga ɗakinta, ku sa mu a addu'a.