In ci gaba da sashen zane ko in canza? Waɗanda suka yi ku taimaka

'YarAlƙalami: Assalamu alaikum. Ina aji biyu a sashen zane-zane, kuma Litinin za a rufe karɓar fom ɗin canjin sashe. Baba yana so in koma aikin jarida, amma ya bar mini zaɓi. Da ni ma canjin nake so, sai wani kwas da muka yi kan fasahar zamani da yadda ake karanta hoto ya rikita mini lissafi. Ranar farko malamin ya ce kowa ya ciro naira ashirin, ya juya bayanta, ya yi ta kallo ba magana. Can sai ya fara tambaya: wace ce matar nan, me take yi, me ya sa aka zaɓi mai ginin tukwane? Kaɗan ne a ajin suka san Ladi Kwali ce, wadda ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Baturen Ingila Michael Cardew a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, a 1954. Tun daga nan ko fostar siyasa na gani sai na tsaya: wa aka ɗora sama, wa aka ƙanƙanta, wa aka wanke wa fuska. Tambayata ga waɗanda suka gama: wannan ilimin ya amfane ku bayan makaranta? Kwamfuta ina da ita, kuɗin kaya ma ba shi ne damuwata ba.

Bakatsine: Wa alaikumussalam. Ƙanwata, fara neman kwamfuta mai ƙarfi tukuna. Da dubu 250 za ki samu ta hannu mai ɗaukar manhajojin zane irin su CorelDRAW da Photoshop.

AbuHanifa: Kafin komai ki tambayi malamai hukuncin zana abu mai rai. Ba ƙaramar magana ba ce.

MamanIlham: Dubu 250? Malam, yaushe rabonka da kasuwa? Ta ɗana dubu 420 muka saya, ita ma sai ta yi ta nishi in ya buɗe hoto biyu.

TsohonƊalibi: 'Yar uwa, ki cike fom ɗin nan tun kafin Litinin. Ni na yi kwas ɗin a wata jami'a, ɓangaren fenti na zaɓa. Aikin kammalawata zane shida ne manya kan marina, masu rini sun duƙa bakin rami, shuni har gwiwar hannu. Babur ɗina na sayar na sayi yadin zane da katako da fenti. Aka yi baje koli, kowa na yabo, har baƙi na ɗaukar hoto. Da aka tashi sai aka ce ayyukan mallakar sashe ne, aka jibge su a wani ɗaki mai yoyo. Bayan hidimar ƙasa na koma, huɗu sun yi funfuna, katakon ya bankare. Biyun da suka fi kyau babu su. Daga baya wani abokina ya ga ɗaya rataye a falon wani malaminmu, an sa mata firam, sunana na nan a ƙasa. Na bar shi da Allah.

ƊanBarkwanci: Kai ma da ka sani ayaba ka liƙa a bango ka huta 😂

Bakatsine: Wace ayaba kuma?

ƊanBarkwanci: Wallahi ba wasa ba. Wani ɗan Italiya, Maurizio Cattelan, ya manna ayaba a bango da salatif a 2019, aka saya dala 120,000. A 2024 aka yi gwanjonta dala miliyan 6.2, wanda ya saya ya ɓare ya cinye. Ni ma ina da ragowar kankana a firji, wa zai taya?

MalamarZane: Ana dariya, amma irin wannan ne ake koya musu tambaya a kai: wa ya ce abu fasaha ne, kuma me ake saya, ayabar ko takardar shaidar da ke tare da ita? Tsohuwar muhawara ce, tun 1917 da mai zanen nan ɗan Faransa, Marcel Duchamp, ya kai kaskon fitsari wajen baje koli a matsayin aikin fasaha. 'Yata, ni ina koyarwa a sakandare, kuma abin da na fi mora daga karatuna shi ne iya kallo. El Anatsui, ɗan Ghana da ya daɗe yana koyarwa a jami'ar Nsukka, da murafen kwalabe yake ɗinka manyan ayyukansa, sun kai har babban gidan baje kolin fasaha na Tate Modern a Landan a 2023. Wanda bai koyi kallo ba bola zai gani.

TsohonƊalibi: Hajiya, da girmanki, ke albashi kike ɗauka. Iya kallo ba ya sayen gero. Ni yanzu allon shaguna nake rubutawa da lambar gida, wani lokaci bayan tifa. Shekaran jiya wani ya ce in zana masa kaza a allon shagonsa, ya tsaya a kaina yana cewa in ƙara mata ƙiba. Digirin nan ke nan. Su El Anatsui nawa ne a duniya?

SarkinCanva: Ni ban taɓa shiga ajin zane ba, a waya na koya, kuma katin biki ɗaya dubu 15 nake karɓa. Makaranta ɓata lokaci ce a wannan harkar.

MamanIlham: Dubu 15 a ina? Na bikin ƙanwata dubu 3 aka yi mana, har da hoton ango.

MalamarZane: Shi ya sa muke ganin katin da aka rubuta ja a kan kore, sai ka runtse ido kafin ka gane ranar ɗaurin aure. Yaro, wanda bai yi karatun ba ai ba shi zai ce karatun banza ne ba.

SarkinCanva: To wanda ya yi karatun ga shi can yana ƙara wa kaza ƙiba. Shawarar wa za ta ɗauka?

TsohonƊalibi: Ka iya bakinka. Ba sa'anka ba ne ni.

Bazazzagi: Ku yi haƙuri. Abin da ke ba ni takaici, a nan Zariya aka kafa ƙungiyar ɗaliban zane a 1958, su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, lokacin makarantar ba ta zama Jami'ar Ahmadu Bello ba. Hujjarsu ita ce a haɗa dabarar Turawa da abin gida, ba a yi ta kwaikwayo ba. Suka koma Kudu suka yi suna. Mu kuwa da muke da Babban Gwani Mika'ilu, wanda ya gina masallacin Juma'a na birnin Zariya, da zanen soraye da dagi da aska takwas a wuyan riga, har yau muna tambaya ko zane sana'a ce. Malam AbuHanifa, duk waɗannan babu mai rai a ciki, ga kuma zayyanar allo.

AbuHanifa: Ban hana ba. Amma a aji ai ana sa su zana mutum, kar mu ɓoye.

Bakatsine: Ni dai na ce dubu 250 kuma ina kan bakana. Ku zo in kai ku.

'YarAlƙalami: Na gode duka, amma don Allah kwamfuta ina da ita. Akwai wanda ya gama kuma yake aiki da karatun hoton, a jarida ko talla?

SarkinCanva: Talla? Ki fara tambayar ko za a biya ki. Zaɓen da ya wuce na yi wa wani mai neman kansila fosta kala biyar, kullum sai a ce a ƙara masa haske, a rage tumbi. Ya ci zaɓe, ya daina ɗaukar wayata.

TsohonƊalibi: A nan kam mun haɗu. Ni wata ƙungiya na yi wa tambari, yana kan motarsu da rigunansu har yau. Da na kai takardar kuɗi sai shugaban ya ce, "Haba Malam, ɗan wannan zanen?" Ya sa aka kawo mini lemo.

MamanIlham: Ai 'yan uwa sun fi cuta. Ɗana duk bikin dangi shi ke yin kati da sitika, ko kuɗin data ba a ba shi, kuma in ya makara a kira ni a yi ƙorafi.

ƊanBarkwanci: Lemon na kwalba ne ko na leda? Don mu san farashin tambari.

TsohonƊalibi: Na leda. Kuma ba sanyi.

SarkinCanva: Ni yanzu rabin kuɗi kafin in taɓa waya, sauran kafin in cire sunana daga kan hoton. Duk da haka jiya wata ta yanke gefen da sunan yake ta ɗora a WhatsApp. Akwai wanda ya san yadda ake sa shi a tsakiya ba tare da ya rufe fuskar amarya ba?