Kafin ka sayi motar lantarki daga sabon kamfani

Da aka tattauna batun abin da ya kamata mutum ya duba kafin ya sayi motar lantarki daga sabon kamfani, shawarwarin sun fi karkata kan abu guda: garanti ba ya wuce tsawon ran kamfanin da ya bayar da shi. An yi ta kawo misalin Fisker, wani kamfanin motocin lantarki na Amurka, wanda ya durƙushe a 2024, ya bar masu motarsa ƙirar Ocean suna fafutukar neman kayan gyara da mai sabunta musu manhaja, har sai da suka kafa ƙungiyar kansu. A ganina nan ne abin tsoron yake, domin motar lantarki rabinta kwamfuta ce.

Sai batir, wanda ya fi komai tsada a jikinta. Yawanci garantinsa shekara 8 ne ko kilomita 160,000, kuma sau da yawa ba a canza shi sai ƙarfinsa ya yi ƙasa da kashi 70 cikin 100. A karanta wannan sharaɗin da kyau.

Wasu sun ce a tambayi nisan wurin gyara, da ko taɓa motar a garejin da ba na kamfanin ba zai soke garantin. Masu taka-tsantsan kuwa hayar motar ta shekara biyu ko uku suka fi so a kan sayenta, don in darajar motar ta faɗi, asarar ba a wuyansu take ba.