Warin fetur da tina (ruwan sirka fenti): ku da kuke shaƙa kullum, ya kuke ji a jikinku?

Ɗan gidan mai:
Salam 'yan uwa. Shekarata shida ina ba da mai a wani gidan mai nan Kano, kuma wallahi duk ranar da tanka ta zo sauke mai da rana tsaka, musamman watan Afrilu da gari ya ɗau zafi, kaina sai ya yi kamar an ɗaure shi da igiya, ga jiri ga ɗaci a baki, in na koma gida uwargida ta ce in tuɓe kayan a zaure tukuna. Abin da ya fara ba ni tsoro shi ne ni yanzu na daina jin warin sam, sai dai in ga baƙo yana toshe hanci. Haka kuke ji ko ni kaɗai ne?

Mai fentin mota:
Kai ai naka da sauƙi, a fili kake. Mu a gareji rufe ko'ina muke da tamfol don kar ƙura ta hau fenti, ka haɗa fenti da tina ka kunna kwampresa, kafin ka gama ƙofa biyu ka fara jin kana lilo kamar ka sha wani abu. Ogan da ya koya min aiki madarar gwangwani yake sayo mana wai tana wanke ƙirji, har yau yarana ma ita nake ba su.

Malamin kimiyya:
Oga ka yi haƙuri, madarar nan ciki take tafiya, shi kuwa tururin ta huhu yake shiga jini, ina suka haɗu? Abin da kuke shaƙa sinadarai ne 'yan dangi ɗaya, benzin da toluwin da zailin, masu saurin tashi su bi iska da zarar an buɗe murfi, zafi kuma na ƙara musu tashi. Toluwin da zailin su suka fi yawa a tina da gam, su ke kawo jirin nan, toluwin ɗin ma shi ke bugar da masu shaƙar sholisho. Benzin na cikin fetur da hayaƙin taba, kuma shi ya fi muni don ɓargo yake taɓawa, inda ake ƙera jini, yana jawo sankarar jini. Hukumar lafiya ta duniya ta ce babu wani adadi nasa da za a ce shaƙarsa ba komai. Shi ya sa tun 2000 Tarayyar Turai ta hana ya wuce kashi 1 cikin 100 a fetur. Daina jin warin ma ba wai jiki ya saba ba ne, hanci ne ya gaji.

Tsohon ɗan bumburutu:
Allah Ya yafe mana kawai. Ni da baki nake zuƙo mai ta tiyo, sau nawa na haɗiye, in yi ta gyatsar fetur har washegari. Jarkoki kuma a ɗakin da nake kwana nake ɓoye su saboda ɓarayi, in farka da asuba kai kamar zai fashe, ina cewa maleriya ce ina ta shan magani. Da na bar sana'ar maleriyar ta bar ni.

Mai ɗinkin takalmi:
Malam mu fa? Shagona ko taga babu, gwangwanin gam a buɗe yake wuni, da yatsa nake shafawa.

Malamin kimiyya:
Sana'arku ma tana cikin waɗanda suka tona asirin benzin. A Istanbul ta Turkiyya wani likita, Muzaffer Aksoy, ya bi diddigin masu yin takalmi da ke aiki da gam mai benzin a shekarun 1960 da 1970, ya ga sankarar jini ta yi musu yawa. Ka fasa taga, ka riƙa tsiyayar kaɗan kana rufe gwangwanin, ka nemi buroshi, in da hali ka shafa gam ɗin a waje. Fanka kuma ta riƙa tura iska waje, ba ta yi ta juya muku ita a ciki ba. Tururin ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, ku da kuke zaune kan tabarma ku yake fara samu.

Uwar yara uku:
Innalillahi, jarkar man janareta a sito take kusa da kicin, kuma nan autana yake rarrafe. Yau maigida zai fitar da ita.

Ɗan gidan mai:
Wani direba da ya yi aiki a waje ya ce min can akwai famfon da bakinsa ke da roba mai zuƙe tururin ya mayar rijiyar mai, haka tanka ma tiyo biyu take sawa, ɗaya mai na sauka ɗaya tururi na komawa. Mu nan ko a mafarki. Abin da na iya dai na fara tsayawa ta inda iska ke tahowa, kuma na daina biye wa masu cewa "ƙara danna ya cika har baki", nan ne yake zuba a hannu.

Mai fentin mota:
To takunkumin korona da muke sawa fa Malam?

Malamin kimiyya:
Wannan ƙura yake tarewa, tururi wucewa yake abinsa. Ka nemi mai gwangwani biyu a gefe, wanda ke da gawayi na musamman a ciki, ka riƙa ajiye shi cikin leda a ɗaure bayan aiki, da ka fara jin wari ta cikinsa gawayin ya ƙoshi, sai canji.

Mai fentin mota:
To ran Asabar zan leƙa Sabon Gari in ji kuɗinsa. Madarar dai ba zan soke ba, yaran nan sai su yi min bore.