Yaya kuke koyar da famakokinetik (PK) har ɗalibi ya gane, ba haddar fomula kawai ba?

Malamin_Famasi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da famakokinetik ga ɗaliban famasi, wato yadda magani ke shiga jiki, ya bazu, hanta ta sarrafa shi, sannan ya fita, kuma akwai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ya sa na ce bari na kawo nan. Yaran nan wlh suna da ƙoƙari, ka ba su lambobi nan take za su fitar maka da haf-laif, wato lokacin da magani ke ɗauka ya ragu zuwa rabi a jini, 0.693 sau Vd (girman bazuwar magani a jiki) a raba da CL (yawan jinin da ake tace maganin daga cikinsa a wani lokaci) sun haddace shi tas. Amma ka ce musu ga tsohuwa 'yar shekara 75 ƙodarta ta yi rauni an rubuta mata jentamaisin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, dos ɗaya da na saurayi, me za ka ce wa likita? sai ajin ya yi tsit kowa ya sunkuyar da kai yana neman fomular da zai cusa. Kuma gobe su ne za su tsaya tsakanin takardar likita da majinyaci. Don Allah malamai da masu aikin asibiti ku ya kuke yi?

Hajiya_Famasist:
Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka da alheri da wannan tambaya. Ni shawarata ka juya tsarin, majinyaci ya fara shigowa aji kafin fomula. Rubuta mutum biyu a allo, dukansu kiriyatinin ɗinsu (dattin da ake aunawa a jini don sanin aikin ƙoda) 1.0 wanda kowa zai ce lafiya lau. Na farko saurayi ɗan shekara 25 kilo 70, ta biyu tsohuwar nan taka 'yar 75 kilo 50. Ka tambaye su ƙodar wa ta fi aiki, da yawa za su ce ai ɗaya ne tunda sakamakon lab ɗaya ne. Sai a lokacin ka ba su lissafin Cockcroft da Gault na 1976 mai ƙiyasta yawan jinin da ƙoda ke tacewa a minti, a cire shekaru daga 140 a ninka da nauyi a raba da 72 sau kiriyatinin, in mace ce a ninka da 0.85. Saurayin zai fito wajen 112 mL a minti, tsohuwar kuma wajen 38. Ka bar su su kalli lambobin nan biyu na ɗan lokaci kar ka yi magana. Wanda ya ga wannan da hannunsa ya lissafa ba ya sake mantawa cewa kiriyatinin daga tsoka yake fitowa, tsoho ramamme ba shi da tsoka sosai don haka lambarsa za ta yi kyau alhali ƙodar ta gaji, kuma jentamaisin ta ƙoda yake fita, in ya taru ya ƙara lalata ƙodar ya taɓa ji da daidaiton tafiya, wani lokacin ma jin ba ya dawowa.

Dalibin_Shekarar_Karshe:
Allah ya gafarta Malam, ku yi haƙuri na sa baki cikin manya. Daga ɓangarenmu ɗalibai gaskiya abin da ke kashe mana gwiwa shi ne jarabawa, duk abin da aka faɗa a lakca a ƙarshe tambayar da za ta fito ita ce lissafa kaza, to dole mu yi hadda mana. Ni abin da ya buɗe min kai wani malaminmu ne ya ce mu ɗauki jiki kamar bokiti mai huda a ƙasa kana zuba ruwa ta sama, faɗin bokitin shi ne Vd girman hudar shi ne CL, in ruwan ya yi sama yoyon ya ƙaru har a kai inda abin da ke shiga ya yi daidai da abin da ke fita. Daga nan na gane dalilin da ake cewa sai haf-laif 4 zuwa 5 magani ke daidaita a jini, 50 cikin ɗari, 75, 87.5, 94, 97. Kuma na gane me ya sa dos ɗin farko mai yawa ya dogara da Vd shi kuma dos ɗin kullum ya dogara da CL, wanda da can haddace shi kawai nake yi.

Dakta_Lab:
Ƙanina ka yi magana mai kyau, amma fa a kula, misalin nan yana da iyaka kuma iyakar ce ke kwantar da mutane a asibiti. Fenitoyin, maganin farfaɗiya, ba ya bin wannan tsarin. Enzayim ɗin hanta da ke sarrafa shi yana cika ya kai ƙarshen ƙarfinsa tun a cikin matakin da ake so na 10 zuwa 20 mg/L, shi ya sa ƙarin dos kaɗan sai matakin jini ya yi tsalle, mutum ya dawo ido na rawa yana tangaɗi magana na sarƙewa. Ɗalibin da ya saba da in ka ninka dos matakin jini ya ninka zai cutar da mai farfaɗiya da kyakkyawar niyya. Sannan ga batun albumin, furotin ɗin da ke cikin jini, wajen kashi 90 na fenitoyin manne yake da shi, wanda bai manne ba shi ke aiki. Majinyaci mai ƙarancin albumin, 2.0, lab ta ba ka fenitoyin 8 sai ka ce ya yi ƙasa a ƙara, alhali in ka gyara da lissafin Sheiner da Tozer wajen 16 ne, yana tsakiyar inda ake so.

Don haka Hajiya ban ƙi maganarki ba amma ina tsoron a yi ta labarin majinyata a saki lissafi, dole hannunsu ya faɗa da shi. Abu ɗaya kuma da nake roƙon Malam ya dinga nanatawa, lokacin ɗibar jini. Sakamakon da ba a rubuta ƙarfe nawa aka sha magani ƙarfe nawa aka ɗebi jini ba ba shi da wani amfani. Digoksin, maganin zuciya, in ka ɗiba kafin awa 6 da shansa zai nuna sama sosai saboda bai gama shiga tsokoki ba, haf-laif ɗinsa wajen awa 36 ne ga mai lafiyar ƙoda, wato sai ya yi kusan mako kafin ya daidaita, amma sai ka ga an aiko jini kwana biyu da farawa ana son a yanke hukunci a kai.

Hajiya_Famasist:
Dakta ai bakinmu ɗaya, ban ce a bar lissafi ba, cewa na yi ya zo bayan ɗalibi ya ji yana buƙatarsa. Dubi bankomaisin ma, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, jagorar 2009 cewa ta yi a riƙe mafi ƙarancin matakinsa kafin dos na gaba tsakanin 15 da 20 a cututtuka masu tsanani, ta 2020 ta koma kan AUC, wato jimillar maganin da jini ya ɗauka a tsawon awa 24, 400 zuwa 600 saboda an ga tsohuwar hanyar na jawo wa ƙoda illa. Wanda ya haddace 15 zuwa 20 kawai yau ina zai kama? Amma wanda ya san me AUC ke nufi sauyin ba zai girgiza shi ba ko da manhajar kwamfuta ce ke masa lissafin. Malam ka kuma haɗa musu da bambancin halitta ko da lakca ɗaya ce, kodin sai enzayim ɗin hanta CYP2D6 ya mai da shi mofin yake aiki, wani bai da shi sosai ya sha ciwo na nan, wani nasa ya yi sauri fiye da kima numfashi ya danne, har hukumar FDA ta Amurka ta hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 12 a 2017. Ga rifampisin kuma, maganin tarin fuka, da ke zaburar da hanta ta hanzarta sarrafa wasu magunguna, shi ya sa mai shan dolutegirabir na ƙanjamau yana maganin tarin fuka ake mai da shi 50 mg sau biyu a rana.

Malamin_Famasi:
Madalla, Allah ya ƙara ilimi, na ƙaru sosai. Ɗana maganarka ta jarabawa ta shige ni kuma gaskiya ka faɗa, zan sa tambayar da za a ba ɗalibi takardar majinyaci da sakamakon jini ya rubuta abin da zai gaya wa likita da dalilinsa, makin dalili ya fi na lissafi. Dakta don Allah in kana da misalan fenitoyin da aka goge sunan masu su ka turo min, musamman waɗanda aka ɗebi jinin ba a kan lokaci ba, ina so na ga ko akwai wanda zai ce shi ba zai taɓa dos ba sai an sake ɗiba.